GARGAƊI ga masu kafe da bizines senta a Jos: mai gyaran nan da ke cewa bod ɗinka (babban allon cikin kwamfuta) zai ƙone

Salam jama'a. Masu kafe, masu taifin da firintin, da duk wanda ke da destop a shago ko a gida nan cikin Jos, don Allah ku tsaya ku karanta kafin wani ya zo ya kinkime muku sistem da sunan gyara. Akwai wani bawan Allah da ke zagaya shaguna da 'yar jakarsa ta kayan aiki, ba shi da shago, lambar waya kawai yake bari, kuma dabararsa ɗaya ce. Zai kara kunne jikin kwamfutarka, ya ɓata fuska ya girgiza kai ya ce, "Oga, bod ɗin nan ya kusa ƙonewa fa, in ka bari ya kwana har had disk zai tafi da shi." Ba zan kama suna ba tunda maganar tana hannun manya, amma an ga ƙafarsa ta wajen Bauchi Road da Farin Gada inda masu yi wa ɗalibai aiki suka fi yawa.

Maƙwabcin shagona dattijo ne, haka aka yi masa. Sistem ɗinsa beljiyam ce, tana wani gurnani da safe in an kunna ta cikin sanyin nan namu, sai ta ɗan ɗumama ta rage. Mutumin ya tafi da ita ya dawo da ita tsit babu ƙara ko ɗaya, ya karɓi kuɗin sabon bod har da na aiki, Baba ya yi ta sa masa albarka. Sai dai duk sanda aka kunna ta sai ta tsaya ta rubuta wani saƙo a baƙin sikirin, da Baba ya kira shi sai ya ce, "Ba komai Baba, ka danna F1 kawai, sabon bod haka yake yi." Wallahi saƙon cewa yake babu fankar firosesa, wato wadda ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfutar! Da muka buɗe sai ga tsohon bod ɗin nan yana nan daram, har da ƙurar da ta daskare a kusurwa ba a ko goge ba, wayar fanka an zare ta an tura ƙarƙashin wasu wayoyi, ram (memorin da kwamfuta ke aiki da shi) guda biyu ya koma ɗaya, 8GB ya zama 4GB, kuma firosesa i5 ɗin da ke ciki an cire an maƙala Pentium da bai kai shi ƙarfi ba mai shiga soket iri ɗaya. Shi ya sa take nauyi take kashe kanta da rana tsaka, zafi ne ke sa ta ɗaukewa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ƙarar da aka tsorata Baba da ita ba ta bod ba ce ma sam. Fanka ce ta sha ƙurar hunturu, man da ke cikinta ya bushe. Bulowa mai hure ƙura da sabuwar fanka sun isa.

Toh bari in faɗi abin da na sani a kan ƙarar nan, don da tsoro mutumin ke cin kasuwa. Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce siririyar nan mai tsini kamar kukan gyare, wani sa'in ma in ka motsa mawus ko ka ja shafi sama da ƙasa sai ka ji muryarta tana canzawa. Wannan daga koyil take fitowa, 'yan dunƙulayen nan masu kusurwa huɗu da ke jere kusa da firosesa, cikinsu wayar tagulla ce a naɗe. Wutar 12 bolt ke shigowa daga pawa fak, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, su kuma da abokan aikinsu su sauke ta zuwa wajen bolt 1 da firosesa ke ci, ana yanka wutar ana sakewa sau dubu ɗaruruwa a sakan guda, sai wayar ta riƙa ɗan karkarwa, karkarwar ce kake ji. Sabuwar kwamfuta dal daga kwali ma tana iya yi, girafik kad na masu gem ya ma fi kowa. Tana damun kunne kam, amma ita kaɗai ba alamar bod zai mutu ba ce, sistem na iya shekara da shekaru a haka. Wani ya shiga BIOS (saitin bod da ake shiga lokacin kunnawa) ya kashe C-states, saitin rage cin wutar firosesa, ƙarar ta ragu, mai gem ya kunna V-Sync, saitin daidaita gudun hoto da sikirin, ta lafa, aikin minti kaɗan ne da bai kai a ce an saya sabon bod ba. Na ji an ce akwai wanda a kan wannan ƙarar aka ɗiga masa gam a kan koyil aka kawo masa bil.

Akwai kuma wadda wutarmu ke jawowa. In kana jin "zzzz" mai kauri daga baya inda waya ke shiga, gwada ta a wutar NEPA sannan ka gwada a jen ko inbata. Inbata mai arha da ƙaramin UPS ba sa ba da wuta mai santsi, pawa fak sai ya yi ta gunaguni, da an dawo kan NEPA ya yi shiru. In kuma daga sifika ƙugin ke fita, ka zare jak ɗin ka ji, sau da yawa rashin wayar ƙasa (earth) ne a soket, shagunanmu nawa ne ma aka yi wa ita da gaske? Ƙas-ƙas-ƙas a jere kuwa yawanci had disk ne, wannan kam ka kwashe fayil ɗinka yau ba gobe ba. Ƙarar "bip bip" lokacin kunnawa da sikirin ya ƙi kawowa, galibi ram ne bai zauna daidai ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda ƙara take, ka buɗe murfin gefe, ka naɗe takarda ta zama bututu, ka sa bakin ɗaya a kunne ka riƙa nuna ɗayan wajen fanka, wajen koyil, wajen pawa fak, ba tare da ka taɓa komai ba. Za ka ji inda ta fi ƙarfi da kanka.

Ba wai ina cewa kowace ƙara lafiya ba ce fa. In ka ji tartsatsi kamar ana walda, ko warin ƙonewa, ko ka ga kafasita (ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan bod) ta kumbura a ka ko tana fid da wani abu ruwan ƙasa, zare wuta nan take. Kuma kar ka kuskura ka buɗe cikin pawa fak, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare, suna iya yi wa mutum illa sosai. Masu tsofaffin beljiyam 'yan Amurka kuma ku duba jan maɓallin nan na baya mai 115 da 230, namu 230 ne, in yana kan 115 kuka jona sai dai ku ji fas da hayaƙi.

Yanzu duk wanda zai taɓa maka sistem, ko shi ko waninsa, ka fara danna Ctrl, Shift da Esc a tare, ka shiga Performance ka ɗauki hoton sunan firosesa da yawan ram da wayarka, ka buɗe ka ɗauki hoton ciki, in da hali ka sa 'yar alama da biron maka a gefen bod da ram. Ya ce zai canza bod, ka ce ya kawo sabon a sa a gabanka ya bar maka tsohon, ya kuma rubuta rasit. Masu gyara na ƙwarai da muke da su a garin nan ba sa jin haushin haka, shi kuwa da an ce masa a yi a nan sai ya fara cewa ai kayan gwajinsa suna gida. In ma dole sai an fita da ita, cire had disk ɗinka tukun, mu masu kafe hotunan fasfo da takardun NIN da na JAMB na mutane ne cike a ciki. Wanda duk mutumin nan ya taɓa yi wa gyara ya je ya duba ram da firosesarsa yau, in ya ga an sauya ya ajiye lambar da ya ba shi da shaidar tiransifa, ana tattarawa ne za a kai wa 'yan sanda.