Makirufon XLR a wasan waƙa: kebul na USB ko akwatin sauti?

Makirufo irin Shure SM58 yana da baki mai ƙafa 3, wato XLR, ita kuwa PlayStation USB ta sani. Hanya biyu ce ake haɗa su.

Kebul na XLR zuwa USB ya fi araha, a jikin kansa akwai ɗan katin sauti. Ka soka, na'ura ta gan shi kamar makirufon wasa, shi ke nan. Matsalarsa ƙarancin ƙarfi: murya takan shiga a raunane, sai ka kusan manna leɓe da ragar makirufon kafin wasan waƙa irin Rock Band ya kama sautinka. Kuma yawancinsu ba sa ba da wutar 48V, don haka makirufon kondensa, wato irin da sai da wannan wutar yake aiki, shiru zai yi.

Akwatin sauti irin Focusrite Scarlett yana da maɓallin ƙara ƙarfi da 48V, muryar kuma tas. Sai dai PS4 da PS5 tsarin sautin USB da ake kira UAC1 suke karɓa, Scarlett kuwa na wani tsarin ne, UAC2, ba za su gan shi ba. A kwamfuta, da wasa irin UltraStar Deluxe, shi ya fi.

In murya tana makara, yawanci laifin talabijin ne. Sa shi a Game Mode, wato saitin talabijin na wasa, sannan ka daidaita jinkiri a saitin wasan.