Dibelofa mai lamba 40, kirim ɗin haɗa rinin gashi: abin da na gani bayan na gwada shi wajen mayar da ƙoƙon kai biyar fari

A bangon ɗakina a Agege akwai ƙoƙon kai biyar a rataye: raguna uku, bunsuru ɗaya, sai bijimin Rahaji mai dogayen ƙahoni da ya cinye rabin bangon shi kaɗai. Baƙo in ya shigo yakan ɗan yi turus, don a Legas mutum da ƙoƙon kai a ɗaki ba ya rasa masu zargin tsafi. Ni dai ɗan dillalin dabbobi ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana sayar da raguna a Alaba Rago, kuma shi ya koya min buɗe bakin rago in karanta shekarunsa. Ranar da na fara riƙe wankakken ƙoƙon kai, na ga abin da yake nuna min da yatsa ya fito fili: babu haƙori ko ɗaya a gaban muƙamuƙin sama, takwas ne jere a ƙasa, manyan biyun tsakiya su ne ke cewa ragon ya haura shekara. Tun daga nan abin ya shiga raina.

Wanda ya kamata ya zama na farko a bangon nan ba ya nan. Kan ragon sunan 'yata ne, Uda mai ƙaho a murɗe. Na dafa shi har ya tafasa, na jiƙa shi kwana biyu a ruwan bilicin wanki, ya fito fari tas, na yi ta murna. Bayan 'yan watanni sai na ga gari yana zuba a ƙasan inda yake rataye. In ka goga yatsa sai ya kwaso fari kamar alli. Bilicin wanki yana cinye kolajin, wato sinadarin da ke riƙe ƙashi ya hana shi ruɓushewa, kuma ko ka ɗauraye ba ya daina aiki a ciki. Kafin shekara ta zagayo ƙashin hancin ya karye a hannuna. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, don ragon suna ba a yanka shi sau biyu.

Ƙanwar matata ce ta kawo mafita. Tana aiki a shagon gyaran gashi, ta ji ina cewa haidirojin ɗin wanke ciwo nake nema, amma kwalaben kemis ƙanana ne, sai na sayi da yawa kafin su nutsar da kai ɗaya. Ta ce, "Yaya, ai muna da mai ƙarfinsa a shago, wanda muke haɗa rinin gashi da shi. Ka je wajen masu kayan kwalliya ka ce dibelofa, mai lamba 40." Washegari na samo shi a wani shago kusa da gadar Pen Cinema, farar robar lita ɗaya da haske ba ya ratsawa.

Abin da ke ciki haidirojin faroksaid ne da aka kaurara ya zama kirim, kaurinsa kamar koko mai kauri. Lambobin jikin robar suna da ma'ana: 10 na nufin kashi 3 cikin ɗari, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kuma kashi 12. Na kemis yawanci kashi 3 ne ko 6. Yana faranta ƙashi ne ta hanyar sakin iskar oksijin, in ya gama ya koma ruwa, don haka ba ya barin abin da zai ci gaba da cin ƙashin daga baya.

Amma kafin a zo kansa akwai tafiya, kuma duk wanda ya tsallake ta zai zagi kirim ɗin a banza.

Kan nake fara nema, kuma a mayankar Oko-Oba wannan ma sai da sanayya. Al'adar wurin, ana sare ƙaho, a babbake kai, a fasa shi da gatari don masu farfesu. Babbakakken kai ba ya min amfani, wuta tana ƙona ƙahon ta kuma dafa kitse ya shige cikin ƙashi. Akwai wani dattijon mahauci da ya san mahaifina, shi nake zuwa wa tun da asuba. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Ɗana, naman fa? Ba dai zubarwa za ka yi ba?" Na ce, "A'a Baba, ƙashin kawai nake so." Shi ne ya feɗe min da wuƙa a hankali, ya zare harshe, ya yanke naman kumatu, ya ƙulla min a leda. Wannan tukunya yake shiga a gida. Ƙwaƙwalwa kuwa da lanƙwasasshiyar waya nake kwaso ta ta ramin ƙeya.

Daga nan sai bokitin roba da ruwa zalla, a rufe sako-sako, a ajiye inda rana ke bugawa. Zafin Legas ya isa, ƙwayoyin cuta su ne ke cinye sauran naman cikin mako biyu zuwa uku. Warin ba wasa ba ne, ba zan ɓoye ba. A gidan haya muke, don haka bokitina yana can bayan shagon wani abokina mai walda, nesa da ɗakunan mutane. Duk kwana huɗu ko biyar nakan zubar da rabin ruwan in ƙara sabo, kuma ta rariya nake tsiyayewa, don haƙoran gaba suna zubewa su kwanta a ƙasan bokiti. A cikin kwanakin nan ne ƙaho ke saki. Ƙaho kube ne kawai, irin abin da aka yi farce da gashi da shi, a sanye a kan wani ƙashi da ya fito daga goshi. Ka kama ka murɗa, sai ya zare. Dole a zare shi, in ba haka ba naman da ke tsakani zai ruɓe ya yi ta wari a ɗaki. Manyan gidajen adana kayan tarihi ƙwaro suke sa wa ya yi musu aikin cinye naman jikin ƙashi, kuma irin ƙwaron nan ne da ke ɓata wa masu banda kifinsu da masu fatu fatunsu. Ban kiwata shi ba, uwargida tana ajiye busasshen kifi.

Sai cire maiƙo, inda haƙurin mutane ke ƙarewa. Ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, ana canzawa duk lokacin da ya yi gurɓi. Kan rago yana da kitse sosai, nawa sukan ɗauki wajen wata guda. Bijimin ya haura wata biyu.

To, ranar shafa kirim. Na sa safar hannu ta roba, na ɗauki tsohon buroshin fenti, na lafta shi da kauri ko'ina, har cikin kwarmin ido da tsakanin turamen haƙora. A nan na ga fifikonsa a kan na ruwa: yana manne inda ka sa shi, ba ya gangarowa. Na naɗe kan da leda don kada ya bushe, saboda in ya bushe ya daina aiki, na ajiye a cikin roba a wuri mai ɗumi. Kada a sa shi a kwanon ƙarfe, ƙarfe yana kashe ƙarfinsa da wuri. Bayan kwana ɗaya na buɗe na ɗauraye. A jiƙe bai burge ni ba, ruwan madara ne mai ɗan duhu. Sai da ya sha iska kwana biyu a inuwa sannan farin ya fito, mai taushi a ido irin na hauren giwa. Layukan da ke tsakanin ƙasusuwan kai, masu zigizaga kamar ɗinkin hannu, duk suna nan a fili. Na ƙwanƙwasa da farce na ji ƙashi mai ƙwari. Kan ragon da na yi wa wannan shafar yanzu ya shekara biyu a bango, ban ga ƙwayar gari ɗaya a ƙasansa ba.

Yana da aibu, kuma zan faɗe su yadda na gan su.

Kaurin da ke taimaka masa a waje shi ke hana shi shiga cikin hanci. A can akwai siraran ƙasusuwa nannaɗe kamar takarda, su ne suka fi komai kyau a ƙoƙon kai, kuma buroshi in ya taɓa su sai su karye. Dabarar da na samu ita ce in tsarma kirim ɗin da ruwa in ɗura da sirinji, ko in sayi kwalba biyu ta kemis saboda wurin kawai.

Ba ya cire maiƙo ko kaɗan. Da bunsuruna na yi gaggawa, mako ɗaya kacal na ba shi a ruwan sabulu. Ya fito fari, amma bayan wata biyu sai ga tabo rawaya-rawaya a ƙeya da gindin muƙamuƙi, kitsen da ke ciki ya tsattsafo. Na sake shafawa, ya ɓace, ya dawo. Sai da na mayar da shi bokitin sabulu na wasu makonni uku. Sauri ya haifi nawa.

Yana ƙuna. Safata ta huje ban sani ba, kan yatsana ya yi fari fat yana zugi kamar ana soka allura, ya ɗauki sa'o'i kafin ya lafa. A ido abin ya fi haka muni, shi ya sa nake sa tabarau, kuma robar tana saman kabad inda yara ba sa kaiwa. Ba a haɗa shi da bilicin wanki ko wani sinadari.

Sai maganar inda za a saya. Roba ta biyu a wajen wani mai tebur a bakin titi na saya don ta fi araha, na shafa kwana biyu ban ga canji ba. Zafi da rana suna kashe faroksaid tun yana cikin roba, ga alama ta daɗe tana shan ranar Legas. Yanzu a shago mai inuwa nake saye, in duba kwanan watan lalacewa, in na dawo gida kuma in gwada: ɗigo ɗaya a kan ɗanyar hanta. Mai rai nan take zai yi kumfa yana tsuwa, matacce zai zauna shiru.

Ƙaho kada kirim ya taɓa shi, yana koɗar da launinsa. Daban nake wanke shi da sabulu, in shanya, in goga masa ɗan mai, sannan in mayar da shi gurbinsa bayan ƙashin ya bushe. Haƙoran da suka zube da farin gam ɗin kafinta nake mayarwa. Da damina, musamman watan Yuni da iskar Legas ke cike da laima, nakan sauke su in goge, don fumfuna tana son lungun ido.

Lita ɗaya ta yi min raguna biyu da bunsuru har da ɗan saura, bijimin kuwa kusan roba guda ya sha shi kaɗai. A ganina kuɗin bai ɓaci ba, kuma ga mai kan rago ko akuya ban san abin da ya fi shi sauƙin samu a garin nan ba. Mai lamba 30 ma yana yi, sai dai a shafa sau biyu. Na dabbar dawa kuwa ba na taɓawa, ko an kawo min kyauta, da yawansu doka ta hana cinikinsu, kuma sayen da mutum zai yi shi ke sa a koma daji a kashe wata.

Yanzu haka akwai kan Balami a bokitin sabulu, makonsa na uku. Jiya na duba ruwan, har yanzu maiƙo na tasowa a sama, don haka robar dibelofa za ta ƙara zama a saman kabad.