Rigar gasar ninkaya ta Speedo LZR Pure Intent 2.0: abin da take yi da abin da ba ta yi

Wanda ya fara riƙe wannan rigar a hannu yakan ɗauka an yi masa kuskuren lamba. Wandon maza, wanda ke tashi daga ƙasan cibiya ya tsaya a saman gwiwa, bai fi na yaro ɗan shekara goma faɗi ba, kuma yadin yana da tauri kamar takarda. Haka aka yi shi da gangan. Aikinsa shi ne ya matse cinya da ɗuwawu da mara, ya hana tsoka rawa a cikin ruwa, ya taimaka wa ƙugu ya zauna a sama kada ƙafafu su nutse. Jikin da ya miƙe sambal yana yanka ruwa fiye da wanda ƙafafunsa ke ja a ƙasa, kuma duk hikimar rigar a nan take.

Speedo ta fitar da Pure Intent a 2019 tare da ƙanwarta Pure Valor, sannan aka sabunta su biyun gab da gasar Olamfik ta Faris ta 2024, aka ƙara musu wani shafi mai korar ruwa na kamfanin Lamoral. Pure Intent ce mai matsi sosai. Ba a ɗinka ta da zare ba, manne gaɓoɓin yadin aka yi don kada ɗinki ya yi tudu, akwai kuma ɗaurin da ya bi bayan cinya yana taimaka wa ƙafa dawowa sama bayan kowane bugu. A tseren mita 50 da 100 ana jin amfanin wannan matsin ƙwarai, musamman lokacin da ɗan wasa ya tunkuɗi bango ya tafi a ƙarƙashin ruwa. A mita 400 zuwa sama, ko a salon kwaɗo inda gwiwa da kwankwaso ke buƙatar buɗewa, matsin yakan koma nauyi. Mai irin wannan tseren ya fi dacewa da Pure Valor, wadda ta fi laushi da sauƙi.

Wajen sakawa ne yawancin mutane ke ɓata kuɗinsu. Jiki ya bushe sarai, ba mai, ba gumi, domin yadin ba ya zamewa a kan fata mai laima. Ka naɗe bakin ƙafar wandon waje don robar da ke kama cinya kada ta hana shi wucewa, ka sa leda a ƙafa ta ratsa diddige, sannan ka riƙa jan yadin kaɗan-kaɗan da cikin yatsu, ba da farce ba. A gama da ƙafa ɗaya har gwiwa, a koma ɗayar, a haura tare. Ba a kama saman wando a fizga. Nan ne manne ke buɗewa. Namiji ya ware minti 15 zuwa 20. Mace, wadda tata ke tashi daga kafaɗa zuwa gwiwa, ta ware rabin awa ko fiye, kuma wucewa da ita kan ƙugu shi ne wuri mafi wuya. Idan ta shiga cikin minti biyar to ta yi girma, ruwa zai shiga ta baya ya yi jaka. Idan kuma ƙafa ta fara mutuwa ko numfashi ya ƙuntata, ta yi ƙanƙanta. A auna ƙugu da tef a duba jadawalin kamfanin, kada a dogara da lambar rigar atisaye.

Babban aibinta gajeren rai. Lokacin da ta fito, wandon maza ya kai wajen dala 400, ta mata wajen dala 600, amma bayan tsere goma zuwa goma sha biyar sai a ga ruwa ya daina gangarewa a kanta kamar ɗigon raɓa, ya fara jiƙa yadin, matsin ma ya saki. Sinadarin kulorin na tafki ne ke cin zaren roban da ke ciki. Ana iya ja mata kwana: kada a yi ɗumin jiki da ita, a saka ta dab da tsere, a cire da an gama, a ɗauraye da ruwan sanyi zalla ba sabulu, a danne ruwan da tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ta a inuwa. Injin wanki da rana da rataye ta tana jiƙe duk suna kashe ta.

Duk wanda zai saya ya juya bayanta ya ga tambarin amincewar hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda a da ake kira FINA. Wannan ɗan tambarin yana da labari mai nauyi. A watan Fabrairun 2008 Speedo ta fito da LZR Racer ta asali, wadda aka gwada yadinta a ɗakin gwajin iska na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, aka liƙa mata faifan roba na foliyuretan. A Olamfik ta Beijin a shekarar an kafa sabon tarihin duniya sau 25, kuma 23 daga ciki masu sanye da ita ne suka kafa. Sai wasu kamfanoni suka zarce: Arena X-Glide da Jaked 01 roba ce gaba ɗaya, ruwa ba ya ratsa ta, tana riƙe iska tana ɗaga jiki. A gasar duniya ta birnin Rum a 2009 tarihi 43 ya faɗi cikin kwana takwas. Paul Biedermann na Jamus, wanda ya yi minti 1:46.00 a mita 200 a Beijin, ya yi 1:42.00 a Rum cikin X-Glide, ya bar gwarzon Amurka Michael Phelps a baya. Sakan huɗu cikin shekara ɗaya a wannan mataki ba abin da atisaye kaɗai ke bayarwa ba ne.

Daga ranar 1 ga Janairun 2010 hukumar FINA ta hana roba da zif. Dole rigar ta zama saƙaƙƙen yadi da ruwa ke ratsawa, kaurinsa kada ya wuce milimita 0.8, kuma riga ɗaya tak ake sakawa. Pure Intent ta cika duk waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa ba ta ɗaga mutum a ruwa kamar waɗancan. Abin da take bayarwa ɗan ɓangaren sakan ne, irin na in kana da kyau ka ƙara da wanka.

Inda nake ganin hukumar ta gaza shi ne barin lokutan 2008 da 2009 a littafin tarihi ba tare da wata alama ba. Ban ce a goge su ba, domin 'yan wasan ba su karya dokar zamaninsu ba. Amma an bar na bayansu suna tsere da roba alhali an hana su sakawa. César Cielo na Brazil ya yi sakan 46.91 a mita 100 a Rum, sai a 2022 David Popovici na Romaniya ya sauko da shi zuwa 46.86, a cikin tafkin nan dai na Rum. Lokacin Biedermann na mita 400, wato 3:40.07, wanda ya ƙwace daga Ian Thorpe da ɗaya cikin ɗari na sakan, ya zauna har watan Afrilun 2025 kafin Lukas Märtens ya yi 3:39.96. Tsakanin nan gwanaye da dama sun zo sun yi ritaya ba su ga sunansu a inda ya cancanta ba, kuma wannan abin takaici ne.

Dokar 2010 ta daidaita yadi, ba ta daidaita aljihu ba. Ɗan wasan da kamfani ke ɗaukar nauyinsa yana buɗe sabuwa a kowace babbar gasa, na layin kusa da shi yana lallaɓa ta bara. Shi ya sa matakin da hukumar ninkaya ta Amurka ta fara aiki da shi a 2020, na hana 'yan shekara 12 zuwa ƙasa saka irin waɗannan riguna a yawancin gasanninsu, ya yi daidai. Yaron da bai gama koyon juyawa a bango ba tukuna, zai rage sakan da yawa ta hanyar gyara salonsa fiye da abin da riga za ta ba shi.

Pure Intent 2.0 ta cancanci kuɗinta ga balagaggen ɗan tseren gajeren zango da ke neman lokacin shiga babbar gasa, wanda kashi biyu ko uku cikin goma na sakan ke raba shi da gurbi. Shi ma ya gwada ta sau ɗaya a ruwa kafin ranar, ya yi tsalle daga dandamali ya ga ko tana shan ruwa ta baya, kuma ya tafi da tsohuwa a jaka, domin idan manne ya buɗe a ɗakin canza kaya ba za a jinkirta tsere saboda shi ba.