Hattara da masu tallan danjar mota "Beljiyam" a Facebook da WhatsApp

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu mota ku karanta ku tura wa wasu. Akwai wasu mutane da suka fito da wata sabuwar hanyar cuta, suna ɗora hotunan fitilun baya na mota, wato danja, a Facebook da status na WhatsApp, su ce maka ai kaya ne ɗan Beljiyam yanzu aka sauke daga kwantena, farashi kuma ƙasa da na kasuwa sosai, ka tura kuɗi su sa maka a motar tasha. Ni aikin wayarin ɗin mota nake yi, irin waɗannan fitilun a hannuna suke ƙarewa in sun fara ba da matsala, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Kayan nan wallahi ba daga wata kwantena suka fito ba. Fitilu ne da aka ciro daga motocin da suka yi hatsari ko waɗanda ruwa ya ci, wasu sun tsage wasu gam ɗin da ya haɗa gilashin da bayansa ya saki. Sai a shanya su a rana ruwan ciki ya bushe, a bi tsagar da sufa gulu, a goge, sannan a fesa musu wani baƙin fenti sama-sama a bi da mai sheƙi, a ce maka wai "simok" ne, sabon yayi. Wannan baƙin shi ne asirin, don shi yake ɓoye layin da ruwa ya bari a ciki da kuma inda azurfar cikin fitilar ta ƙone ta yi duhu. A hoto kam ba ka da abin cewa, tana ƙyalli kamar sabuwa.

Ka ɗaura ta da rani lafiya lau, ranar da aka kai motar wanki ko ruwan farko ya sauka sai ka ga ta yi gumi, kwana biyu ruwa ya kwanta a ƙasanta. Daga nan soket ya yi tsatsa, kwan fitila ya riƙa mutuwa, fiyus na ƙonewa kana canzawa, in kuma mai LED ce irin ta Honda Accord 2006 da 2007 da ake ce wa Discussion Continues to abin ya fi muni, saboda ba kwai ba ne da za ka zare ka sa wani, in allon da ƙananan fitilun suke jikinsa ya sha ruwa sai ka ga rabi na kamawa rabi ya mutu. Ka kira wanda ya sayar maka, ko dai ya ce mai wankin mota ne ya yi maka ɓarna ko lambar ta daina shiga gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne ma. Danjar da aka shafe da baƙi ga ruwa a ciki, in ka taka birki da daddare ko cikin hazon hunturu a hanyar Kano zuwa Zariya, mai tirelar da ke bayanka ba zai gani da wuri ba, kai ga iyalinka a mota. Ga 'yan Road Safety da VIO su ma ba za su ƙyale ka ba.

Ba kowane gumi ne matsala ba fa, kada a zalunci masu sana'ar gaskiya. Fitila tana da 'yar ƙofar shan iska a bayanta, ɗan hazo kaɗan bayan wanki ko da sanyin safiya yana faruwa kuma yana bushewa da kansa. Amma in ka ga ɗigo-ɗigo manya ko ruwa a kwance to ta fashe ko gam ya saki. Kuma duk wanda ya ce zai toshe maka ko'ina da silikon har da ƙofar iskar nan kada ka yarda, ruwan da ya shiga ba zai samu hanyar fita ba.

In za ka saya ka je da kanka ko ka tura mai gyaranka kasuwar kayan mota, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ka riƙe ta a hannu. Haska tocilan ɗin waya ta ramin kwan ka duba ko akwai layin laka ko farin tabo, shafa gefen da gilashi ya haɗu da baƙar roba ka ji ko akwai gam, duba kunnuwan da ake ɗaure noti ko an yi musu faci, leƙa soket ko ya yi kore. Ta asali za ka ga rubutu a jikin gilashin, DOT ko SAE ko harafin E a cikin da'ira, na Toyota da Honda galibi da sunan kamfanin da ya ƙera ta, Koito ko Stanley ko Ichikoh, in fenti ya cike rubutun to an fesa. In kuɗinka bai kai ba gara ka sayi sabuwa ta kamfanin Depo ko TYC ka san abin da ka saya. Sannan ku yi magana da mai shago a gaban shaida cewa in ta sha ruwa bayan wanki za ka dawo da ita, in ya ƙi yarda ka bar masa kayansa.