Buɗaɗɗiyar tenda ko kwangilar kai tsaye? Ga amsata ga ɗan uwan da ya tambaya

Malam, kan maganar ko ka shiga tendar kawo kayan ofis da ka gani a jarida ko ka jira mutumin da ya ce zai haɗa maka kwangila kai tsaye ba tare da gasa ba, ni dai shawarata ka shiga ta jaridar, shi kuma ka bar shi da alkawarinsa.

Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu a 2007 kuma ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta mayar da buɗaɗɗiyar gasa asali, duk wata hanya ban da ita sai ma'aikata ta kawo dalili a rubuce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda kuɗinka suka fi tsira.

Aikin da na fi jin daɗinsa tunda na fara harkar nan ta wannan hanyar na same shi, kujeru da teburan ɗalibai ne na wata kwalejin tarayya, kuma wallahi ko masinja ban sani ba a wurin. A Federal Tenders Journal, jaridar tallan kwangilolin gwamnatin tarayya, na ga tallan, na biya kuɗin fom ta Remita, hanyar biyan kuɗi a asusun gwamnati, na haɗa ambulan biyu kamar yadda suka ce, ɗaya na takardun kamfani da shaidar ayyukan baya ɗaya na farashi, na je na jefa a akwati. Ana rufe karɓa aka tara mu a zaure aka buɗe akwatin a gaban kowa, ga 'yan sa ido daga waje a zaune, ana kiran sunan kamfani ana duba abin da ya kawo ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu da suka zo da manyan motoci har na fara cewa a raina yau dai rakiya na yi, ashe takardar harajinsu ta ƙare, ko ambulan farashinsu ba a kai ga buɗewa ba. Kuma ka lura, ba wai mafi arha kawai ake ba ba, mafi arha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa ne, shi ya sa ƙaramin kamfani mai takardu tsaf yake iya kayar da babba. Kuɗina sun ɗan jima kafin su fito, gwamnati ce sai haƙuri, amma fayil ɗina ba inda aka ce da gyara kuma ban zauna da fargabar ranar da odita zai zo ba.

Ba na ce babu wahala ba fa. Takardu kaɗai sai sun ci maka kuɗi kafin ka ga ko sisi: rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara 3, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF, ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, da rajista a rumbun 'yan kwangila na BPP, in aikin babba ne kuma a nemi garantin banki wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na farashin da ka saka. Sannan jira, watanni za ka yi ba ka san matsayinka ba. Akwai kuma inda ake ɗinka sharuɗɗan daidai jikin wani tun kafin a buga tallan, kowa ya san ana yi. Amma ko a nan kana da bakin magana, doka ta ba ka kwanakin aiki 15 ka rubuta ƙorafi ga shugaban ma'aikatar, in ba ka gamsu ba ka wuce BPP, daga nan babbar kotun tarayya. A kwangilar kai tsaye wa za ka kai ƙara, kuma ka ce me?

Ita kai tsayen halal ce a inda aka tanade ta, kamar kayan da kamfani ɗaya tak ke da su, ko kayan gyaran injin da dole sai wurin wanda aka saye shi, ko gaggawa irin ta ambaliya da annoba. Kujera da takarda da tawadar firinta ba sa ciki. Na taɓa yin guda ɗaya, wanda ya ba ni aka canja masa wurin aiki, sai da na sha zirga-zirga kafin a biya, iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Tsakanin biyun akwai wasu. Akwai zaɓaɓɓiyar tenda, inda ake gayyatar kamfanoni kaɗan da aka san suna iya aikin, wannan sai sunanka ya riga ya shiga. Akwai mai hawa biyu ta manyan ayyuka masu sarƙaƙiya, ba layinka ba ne yanzu. Wadda za ta amfane ka ita ce neman koteshan, ƙananan saye ne da ake karɓar farashi daga aƙalla kamfanoni 3 da ba su da alaƙa da juna, ba ta cin lokaci kuma takardar kammala aiki da za ka samu a nan ita za ka saka gobe a babbar tenda. Sai dai in wani jami'i ya ce ka kawo leta-hed uku duk naka don a cike gurbi, kar ka yarda, sunanka ne a kai ba nasa ba.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, 'yan damfara sun cika harkar nan. Za a nuna maka takardar ba da kwangila har da tambari da sa hannu a ce ka kawo kaza a sakar maka, ko a ce wani ne ya samu yana so ya sayar. Kafin ka ba da ko kwabo ka je sashen sayayya na ma'aikatar da ƙafarka ka tambaya ko aikin yana cikin kasafin bana. Kuɗin fom na tarayya ba a tura shi asusun mutum. Masu cewa za su fito maka da shaidar PenCom cikin kwana ɗaya su ma ka kiyaye su, hukumar tana wallafa sunayen kamfanonin da ta ba a shafinta kuma ana dubawa. Hukuncin amfani da takardar bogi ba wasa ba ne, ɗaurin shekara 5 zuwa 10 babu zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5. Haka mai yi maka romon baka da kuɗin kafin alƙalami, eh an ɗaga shi daga kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin kwangila a 2020, amma sai ka kawo garantin banki ko inshora, kuma ba kowane aiki ake bayarwa ba, don haka ka shiga da jarinka a hannu.

In ta jiha ce ka nemi dokarsu daban, Kaduna da Jigawa da Kano kowacce da hukumarta da rajistarta.

Ka duba tallan nan da kyau, yawanci an kasa aikin lot-lot, ka ɗauki ƙarami guda ɗaya da jarinka zai iya ɗauka. Ka fara da duba ranar da ke kan shaidar PenCom da ITF da NSITF ɗinka, don 31 ga Disamba suke ƙarewa kuma sabuntawa tana ɗaukar lokaci.