Serti, Nguroje ko Gembu: A ina mai ziyarar Mambila zai yada zango?

Wanda ya yi niyyar zuwa Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, kafin ya tambayi kuɗin mota, gara ya fara tsayar da garin da zai sauka. Babbar hanyar daga Jalingo tana bi ta Garba Chede, Bali, Serti da Mayo Selbe, daga nan a fara hawa zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu. Tafiyar yini guda ce cur, kuma abin da za ka gani ya danganta da inda ka ajiye jakarka.

Serti a ƙasa take, ba ta kan tsauni, don haka mai neman sanyi ba nan zai same shi ba. Darajarta ita ce nan ne hedikwatar Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma babu wanda ya kai shi girma a Najeriya. Akwai ɓauna, akwai dorina a Kogin Kam, akwai birai iri-iri har da cimfanzi, ga kufan sansanin Jamusawa a kan dutsen Gashaka. Sai dai wanda ya saba da Yankari, inda mota ke zagayawa da kai sannan ka faɗa ruwan Wikki, ya sani nan ƙafa ce ke aiki. Dajin yana da duhu, dabbobin ba sa jiran baƙo, kuma ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, yana cikin wannan gandu a bakin iyakar Kamaru. Hawansa aikin kwanaki ne da 'yan dako da kwana a daji. Mai iyali ko mai ciwon gwiwa ya bar wa samari.

Gembu ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, sunan da yankin ya gada bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, lokacin da ya zaɓi shiga Najeriya. Ita ta fi masauki, ta fi kasuwa, ta fi sauƙin samun abin hawa. Ana saman mita 1,500 daga matakin teku, da asuba sai ka ga hazo ya rufe kwari, ruwan alwala kuma yana cizon hannu. Ƙasa da garin Kogin Donga ke wucewa, ana haye shi da kwale-kwale zuwa ƙauyukan tsallake. A kasuwa za ka tarar da abin da ƙasar ke bayarwa: masara, ayaba, gwaza, dankalin Turawa, piya da zuma. Wanda zai je karon farko, ni dai Gembu zan ce masa.

Nguroje kuwa ta wanda ya zo kallon noma da kiwo ce. Tuddai ne marasa itace sai layukan bishiyar turare da aka dasa, shanun Fulani sun bazu a kansu. Daga nan an fi kusa da dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, guntun kurmin tsauni da masu bincike ke aiki a cikinsa, haka ma gonakin shayi na Kakara inda ake yin Highland Tea. Ganin masu tsinkar ganyen shayi da safe ya isa dalilin zuwa. Matsalarta masauki: kar ka sa ran zaɓi mai yawa. Fulatanci ne harshen kasuwa a duk tsaunin, amma Hausa za ta fisshe ka.

Sai lokaci. Damina a can tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Tsaunin ya fi kyau a lokacin, amma hanyoyin ƙauye laka ce zalla, koguna a Gashaka kuma sukan cika su hana wucewa. Daga Janairu an ƙone ciyawa, ƙurar hunturu ta rufe nesa, sai dai shi ne lokacin shiga gandun daji. Nuwamba zuwa farkon Disamba ne ake samun duka biyun: ruwa ya ɗauke, kore bai tafi ba.

Batun mota, hawan da ke farawa daga Mayo Selbe kwana-kwana ne a gefen rami. Direban da bai san hanyar ba, ko motar da birkinta ke da shakka, ba nasu ba ne, kuma ba a yinsa da dare. Motar haya daga tashar Jalingo ta fi ƙaramar motarka, domin direbobin sun san kowace kwana. A sama kuma, da an bar kwalta, achaba ce ko tsofaffin Land Rover.

Ka riƙe tsabar kuɗi, don sabis na waya yakan ɗauke. Ka ɗauki rigar sanyi da bargo. Yankin ya sha rikicin filaye tsakanin manoma da makiyaya, har da wanda aka yi a 2017, saboda haka ka tambayi mutumin gari halin da ake ciki kafin ka tashi, kuma kar ka tsallaka shingen gona ko na wurin kiwo don ɗaukar hoto sai ka yi sallama an ba ka izini.