Wane Ƙudan Zuma Ya Dace da Gonarka?

Manomin da ke shirin kashe kuɗi domin kawo ƙwarin da za su yi wa shukarsa barbara, wato kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan, ya kamata ya fara duba furen abin da ya shuka kafin ya taya amya. Masara da gero iska ce ke ɗaukar ƙurar furensu, alkama kuma galibi ita ke yi wa kanta barbara, saboda haka sayen ƙudan zuma dominsu asara ce. Kankana, kabewa da kokwamba kuwa ba sa yin 'ya'yan kirki sai ƙwari sun yawaita ziyartar furanninsu.

Ga irin waɗannan, ƙudan zuman da aka saba da shi ne ya fi riba, domin bayan barbara akwai zuma da kaki. Abin da za a auna shi ne amyar. Ta Langstroth, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1852, tana da firam da ke riƙe saƙa ta kowane gefe, shi ya sa ake iya loda ta a mota. Da ita ake yi wa gonakin almon na Kalifoniya barbara, kusan amya biyu a kowace eka. Amyar Kenya mai sanduna a sama ta fi araha, kowane kafinta zai iya haɗa ta, amma saƙarta a rataye take, tana karyewa idan aka yi tafiya da ita. Wanda zai ajiye amyarsa wuri guda ba ya bukatar mai tsadar.

Tumatir labarinsa daban ne. Furensa ba shi da ruwan zaƙi, kuma ba ya sakin ƙura sai an girgiza shi, abin da ƙudan zuma bai iya ba. A fili iska da ƙwarin daji suna taimakawa, amma a rumfar leda ana sayen babban ƙuda mai gashi da ake kira Bombus, wanda aka fara kiwonsa don sayarwa a Beljiyam a 1987. A kwali yake zuwa, aikinsa ba ya wuce wata biyu zuwa uku, ba a samun zumar sayarwa, kuma zafi mai tsanani yana kassara shi. A ganina kada a shigo da shi ƙasar da ba asalinsa ba, domin wanda aka kai Cile daga Turai ya bazu har Ajantina, na gida kuma ya ragu ƙwarai.

Kowace amyar ƙudan zuma aka zaɓa, a buɗe a gani kafin a biya: a tabbatar sarauniya tana yin ƙwai, akwai tsutsa a jere cikin saƙa, kuma babu kaskar varowa a jikin ƙudajen. A kuma yi yarjejeniya da maƙwabta kan feshi, a bar shi sai da yamma bayan ƙwari sun koma, a guji yin sa lokacin da fure ya buɗe.